Ma'aikatan asibitin dabbobi, ya kuke yi da waya in an tashi aiki?

Ɗan Aboabo:

Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu irin aikinmu. Ni malamin dabbobi ne, a kwalejin dabbobi ta Pong-Tamale na yi karatu, yanzu shekara huɗu ke nan ina wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa a nan Kumasi, mu biyar ne har da dokta. Lambata ɗaya ce tal, ita ce ta gida ita ce ta aiki ita ce ta MoMo ta tura kuɗi, kuma da na fara aiki duk wanda na yi wa akuyarsa allura sai in ce ga lambata in ka ga wani abu ka kira, lokacin ina so a san ni. To yanzu an san ni, daga Aboabo har Sawaba har Tafo.

Shekaranjiya ƙarfe ɗaya da kwata na dare wani ya turo min hoton kashin kaza a WhatsApp, da tocila ya haska hoton ma bai fita ba, ya rubuta dokta wannan cutar Gumboro ce? Ban amsa ba ya kira, ban ɗauka ba ya yi ta fulashin. Na tashi na ce ya ware marasa lafiyar sai da safe. Maganar ba ta wuce minti biyu ba amma barci ya gudu, na ce bari in ɗan leƙa TikTok, wallahi kiran assalatu ne ya same ni da waya a hannu. Da safe ga ɗan kwikwiyo mai cutar farbo, amai da gudawar jini, za a sa masa ƙarin ruwa, sau uku ina neman jijiya ina kuskurewa sai da dokta ta karɓa. Ba ta ce min komai ba, kallon da ta yi min ya isa.

Uwargida kuma ta ce ai ta san an yi mata kishiya, sunanta Tecno. Ga Babbar Sallah na matsowa, kun san yadda kira yake lokacin raguna. Akwai wanda ya iya ajiye waya da dare a wannan aiki bai rasa kwastomomi ba, kuma dabbar wani ba ta mutu ta dalilinsa ba? Na biyun ya fi ci min rai.

Hajiya Dokta, Madina:

Wa alaikumus salam ƙanina. Abu biyu ka haɗa a tambayarka, ka raba su tukuna. Mai kaza ya ci maka minti biyu, sauran awa huɗun kai ka ci abinka, kar ka ɗora masa.

Mu a nan abin da muka yi shi ne mun sayi layi ɗaya na asibiti muka sa shi a waya guda, ita ke zagayawa, wanda yake diyutin dare shi ke tafiya da ita gida, washegari ya shigo a makare ba mai yi masa magana. A WhatsApp Business akwai saƙon da ke amsawa da kansa in an tashi aiki, muka rubuta cewa an rufe sai ƙarfe takwas, in abin gaggawa ne a kira kar a turo mesej, muka lissafa: ciki ya kumbura, haihuwa ta gardama, jini ya ƙi tsayawa, dabba ta ci guba ko ta kwanta ta kasa tashi. In kare ya ciji mutum kuwa ba mu za a fara nema ba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibitin mutane. Da murya muka sake faɗa da Hausa da Twi muna turawa, don da yawa ba sa karanta rubutu.

Kuma ka daina ba da sunan cuta daga hoto. Kashin kaza a hasken tocila ba zai gaya maka Gumboro ne ko Niyukasil ko koksi ba, ka tuna 2021 da murar tsuntsaye ta shigo gonakin kaji a ƙasar nan, wanda ya ce wa mai gona ba komai ba shi maganin ruwa ta waya ai ya jawo wa kansa da maƙwabta. In kaji na mutuwa da yawa lokaci ɗaya ofishin dabbobi na gwamnati za a sanar.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganarka da nauyi, a Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta fitar da bincike a 2019 kan likitocin dabbobi da suka mutu tsakanin 1979 da 2015, ta ga kashe kai a cikin maza ya ninka na sauran jama'a sau 2.1, a mata sau 3.5. Ba waya kaɗai ba ce, akwai bashin karatu da doguwar awa da zama kusa da magunguna masu kisa, amma zagin intanet na cikin abin da su kansu suke kuka da shi, har suna da ƙungiya Not One More Vet da aka fara a 2014 bayan Dokta Sophia Yin, wata likitar dabbobi, ta kashe kanta. Ni kaina an taɓa sa hotona a Facebook wai na kashe wa wata kyanwa, kyanwar da aka kawo bayan kwana biyar ba ta ci ba ta sha. Kwana uku ina karanta kwament har cikin banɗaki, mutanen da ba su taɓa ganina ba suna tsine min. Mijina ne ya goge manhajar daga wayata, na yi fushi sosai, yau shekara biyu ban mayar ba.

Alhaji Mai Raguna:

Hajiya na ji bayaninki amma ku ma ku ji namu. Ni daga Bawku nake sauko da raguna, wasu daga Burkina suke, kuɗin mutane ne a ciki ba nawa kaɗai ba. Bara saura kwana shida Sallah babban ragona wanda na riga na karɓi kafin alƙalami a kansa cikinsa ya tashi kamar ganga wajen sha biyun dare, na kira malamai uku duk waya a kashe, kafin asuba sai wuƙa muka sa masa, na sayar wa mahauta a rabin kuɗi. Dabba ba ta san an tashi aiki ba. Ku kuna da albashi ƙarshen wata, mu wannan sati biyun ne shekararmu. In kowa ya kashe waya mu kira wa?

Hajiya Dokta, Madina:

Allah ya mayar da alheri Alhaji. Ai ba kowa zai kashe ba, shi ya sa na ce waya ɗaya a kunne wurin mutum ɗaya da ya yi barcin rana. Mutum ukun da ka kira ƙila kowannensu ya gaji ne da hoton kashin kaza har ya kashe gaba ɗaya, kai mai gaggawar gaske ka biya bashin.

Baba Tsohon Ma'aikaci:

Ɗana ɗan Aboabo, ni na yi ritaya, na yi duba nama a mayankar Kaase na yi yawon rigakafi a ƙauyuka da babur. Zamaninmu ba waya, mai bukata ƙofa yake bugawa, kuma mutum ba ya taka ƙafa daga Akwatia Line cikin dare sai abin ya kai. Tafiyar ce take tace mana marasa gaggawa. Yanzu tambaya ta zama kyauta shi ya sa ta yi yawa. Ku sa kuɗin fitar dare, ku faɗa tun da rana kowa ya sani, za ka ga rabin gaggawar ta iya jiran safiya.

Alhaji kai kuma kar ka ji haushi, yawancin kumburin nan na gab da Sallah daga hannunku yake. Ragon da ya taso da ciyawa da harawa, ya sha doguwar tafiya a mota, sai a tula masa masara da dusa da kanzo lokaci guda wai ya ciko kafin masu saye su zo, tumbinsa bai saba ba sai ya yi tsami ya cika da iska. Kaɗan kaɗan ake ƙarawa har kwana goma ko fi, harawa a gaba, ruwa kullum. In yaron nan ya zagaya turakunku yini ɗaya da rana ya yi muku wannan bayani ya rage wa kansa kiran dare ya rage muku asara.

Maganar TikTok kuwa ban san shi ba, jikokina ke yi. Ni yam nake riƙewa, ƙaramar wayar nan mai maɓalli, caji ɗaya kwana huɗu ko ana dumso, wato ɗauke wuta. Bayan isha ina bes ɗin ataya, mai nemana ya san benci na.

Ɗalibar jami'ar KNUST:

Baba ya gama magana 😂 A Faransa tun Janairun 2017 doka ta sa kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya zauna da su a tsara lokacin da ba za a neme su ta waya ko imel ba, Ostireliya ma ta yi tata a 2024. Amma ka je ka karanta wa ƙanin babanka wannan doka in akuyarsa na naƙuda mu gani. Yaya ni dai abin da ya yi min aiki, waya a falo take kwana a caji, na sayi agogon ƙararrawa a kasuwar Kejetia, gurup gurup ɗin nan duk na sa su shiru har na 'yan ajinmu. Satin farko hannuna sai ya riƙa laluben ƙarƙashin filo shi kaɗai.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na nuna wa dokta abin da Hajiya ta rubuta ta yarda da layin asibiti, amma mu uku ne kawai za mu iya zagayawa don sauran biyun ba sa allura, kenan dare ɗaya cikin uku nawa ne. Na karɓi tsohuwar yam ɗin uwargida na sa layina a ciki daga ƙarfe tara, babbar kuma tana falo. Jiya kira ɗaya ne ya shigo, tinkiya ce ɗa ya fito da ƙafa ɗaya a Sawaba, na hau firagiya mai ƙafa uku na je, uwa da ɗa suna nan lafiya. Da safe na buɗe WhatsApp na tarar da saƙo goma sha ɗaya, mai kazar nan ya yi fushi ya ce na fara girman kai.

Kuɗin fitar dare ne ban san yadda zan faɗa wa mutanen unguwarmu ba Baba, rabinsu sun goya ni. Alhaji in kana kusa ranar Asabar bayan la'asar zan zo in ga turken naka, ka turo min kwatance, amma don Allah kafin tara.