Yaya malamin Turanci zai tafiyar da aji mai ƙabilu da yawa?

Malamin Yelwa:

Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Ina koyar da Turanci a aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wata makarantar gwamnati da ke Yelwa ta Yawuri. A ajina akwai Hausawa da Gungawa da Kambari da Dukkawa da Fulani, ga 'ya'yan Yarabawa da Ibo 'yan kasuwa, ga kuma yaran da rashin tsaro ya koro iyayensu daga ƙauyuka. Idan bayani ya cije nakan koma Hausa, amma na lura akwai waɗanda ita ma Hausar ba ta gama zama musu ba, sai su yi tsit su bar ajin ga masu baki. Karatun malanta na NCE da na yi ya koya mini nahawu da tsara darasi, bai koya mini yadda zan bi da irin wannan aji ba. Me ya kamata malami ya sani game da harsuna da al'adun ɗalibansa, kuma har ina ya dace ya shigo da harsunansu cikin darasi?

Tsohon Sufeto, Argungu:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa aikinka albarka. Babban abin da ke ruɗin malamai a Jihar Kebbi shi ne, da yake kusan kowa yana jin Hausar kasuwa, sai a ɗauka kowa Bahaushe ne, alhali kowane yaro da harshen gidansu yake shigowa aji, kuma kuskurensa na Turanci daga can yake tasowa.

Ka saurari bakinsu da kyau. Hausa ba ta raba sautin "p" da "f", shi ya sa Bahaushe ke cakuɗa su, mu kuma nan yamma da muke cewa "hwari" da "tahi" sau da yawa har zuwa "h" muke kai shi. Bafulatani bai da wannan matsala, domin Fulatanci yana da sautukan biyu. Amma idan aka zo kan "he" da "she" sai lamarin ya juya: Bahaushe ya saba raba "shi" da "ita", matsalarsa kawai ita ce yakan kira mota ko riga "she", shi kuwa Bafulatani da Bazabarme kalma ɗaya suke da ita ga mace da namiji, don haka za ka ji yaro ya kira mahaifiyarsa "he" ba tare da ya ji wani abu ya karkace ba. Malamin da bai san wannan ba zai yi ta ba aji duka atisaye iri ɗaya, yana zargin rabinsu da daƙiƙanci.

Game da shigo da harshen gida, ba sabon abu ba ne. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a farkon firamare, kuma gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci ba su koma baya a Turanci ba. Abin lura dai shi ne, a Yawuri "harshen yanki" Hausa ce, ba ita ce kuwa harshen uwar Bakambare ba.

Malama daga Zuru:

Baba Sufeto ya faɗi gaskiya, ni kuma zan ƙara ta fuskar al'ada, domin ni Badakkariya ce, na kuma zauna a irin wannan aji ina yarinya. Malam, ka dubi kanun insha'in da kake bayarwa. Idan kullum "yadda na yi bikin Sallah" ne, yaron da Kirsimeti yake yi, ko wanda Uhola ce babban bikin garinsu, zai rubuta abin da bai sani ba, sannan a ce ba shi da tunani. Ranar da na ce kowa ya bayyana bikin da ya fi sani, wani yaro da bai taɓa cika rabin shafi ba ya kawo mini shafi biyu kan yadda ake noman golmo, wato aikin gona da saurayi ke yi wa surukansa kafin aure. Turancin cike yake da gyara, amma a karon farko na sami abin da zan gyara. A wajenka ga Rigata, wato bikin wasannin ruwa na Yawuri, ga kamun kifi da tuƙin jirgin ruwa, waɗanda Gungawa suka fi kowa sani.

Haka nan maganar kallon ido. Yarinyar da ta sunkuyar da kai tana magana ƙasa-ƙasa ladabi take yi maka yadda aka koya mata a gida, musamman 'ya'yan Fulani da kunya ke da babban matsayi a wajensu. Tsawa ba ta buɗe bakinta. Ka sa ta fara faɗa wa ƙawarta amsar, sannan ta maimaita ga aji. Ina kuma roƙonka ka tsaya kai da fata kada a yi wa kowa dariya saboda karin harshensa, domin dariya ɗaya takan rufe bakin yaro har ƙarshen zango.

Malam daga Kamba:

Ina girmama manyana, amma ina da ja kaɗan. Malamin da ke da aji cike maƙil da minti arba'in ba zai koyi Kambarci da Dukkanci da Fulatanci ba, kuma WAEC da NECO da Turanci zalla za su tambayi yaro, har da jarrabawar furuci. Na ga azuzuwan da aka sassauta har darasin Turanci ya koma darasin Hausa, yara suka fita ba su iya haɗa jimla ba. Mu nan bakin iyaka har yaran da suka fara boko da Faransanci a Nijar muke karɓa. Abin da nake yi shi ne in zaunar da sabon yaro kusa da wanda suke harshe ɗaya kuma ya ɗan fi shi, in ba su minti biyu su fahimtar da juna, amma amsa da rubutu dole da Turanci.

Malama daga Zuru:

Malam na Kamba, ai ba mu saɓa ba, domin ba za ka iya zaunar da su haka ba sai ka san wane ne ke jin wane harshe. Malamin Yelwa, a makon nan ka ɗauki rajistarka, ka tambayi kowane yaro harshen da ake yi a gidansu da inda ya yi firamare, ka rubuta a gefen sunansa. Ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban aji ba, domin akwai waɗanda za su ce maka Hausa saboda gudun tsokana.