Cikon kuɗin sayen gidan haya a Samaru

Assalamu alaikum. Gida ne mai ɗaki 8 a Samaru, ɗaliban ABU ke haya. An daidaita a miliyan 18, miliyan 11 ke hannuna, mai gida ya ba ni wata 3.

Bashi da ruwa ba na so. Bankin Musulunci zai saya ya sayar mini ta murabaha (wato ya ɗora ribar da muka amince a kai), amma sai da takardar mallaka ta KADGIS (hukumar filaye ta jihar Kaduna), gidan kuwa takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa kawai gare shi. Nan na tsaya.

Idan ɗan'uwana ya zuba miliyan 7 muka yi musharaka (wato mu mallaki gidan tare), yaya ake rubuta rabon kuɗin haya da sayen kasonsa kaɗan-kaɗan? Gyaran rufi fa, da asarar haya lokacin yajin aikin jami'a, wa zai ɗauka? Don Allah masana a taimaka.