Neman shawara: hoton da na haɗa ya fito kamar an manna shi da gam

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hotuna uku nake haɗawa su zama ɗaya: tsohon hoton kakata marigayiya na sutudiyo, baƙi da fari, hoton karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda na ɗauka da waya rana tsaka, sai zanen ɗaurawa mai shuni da nake so ya zama sararin sama. Da Photoshop nake aiki, a girman A3 zan buga. Kakar ta fito kamar an yanko ta da almakashi. Ban da haka, duk wanda ya gani sai ya ce "ai kalanda ce", irin ta malamai da ake ratayewa a shaguna, alhali ban yi niyyar kwaikwayon kowa ba. In gyara ko in bari?

Mai sutudiyo:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan ta. 'Yar'uwa, kada ki fara da launi, tsayin kyamara za ki fara dubawa. A sutudiyo daidai ƙirji ko fuska ake kafa ta, shi kuwa karofi ramukansa a ƙasa suke, kusan kowa daga tsaye yake ɗauka yana kallon ƙasa. Idan kusurwa biyun suka saɓa, ba gyaran da zai sa ƙafarta ta taka ƙasa. Ki koma ki sake ɗauka, waya a miƙe daidai ƙirjinki.

Sai haske. Inuwar ƙarƙashin hancinta da ɗigon hasken cikin idonta su ne za su gaya miki ta inda fitila ta fito. Hasken sutudiyo mai laushi ne, na rana tsaka kuwa kaifi gare shi, don haka ki je da sassafe ko ranar da hazo ya rufe rana. In haske ya zo ta ɓangaren da bai dace ba, hoton karofin za ki juya, ba ita ba: fuskar da aka juya, dangi suna ganewa nan take.

Mai gyaran hoto:
Ƙari a kan na Malam. Yankan almakashin nan daga gefe yake. Kada ki goge da abin gogewa, ki sa mask (abin da ke ɓoye sashen hoto ba tare da goge shi ba) a kan leyar kakar, wato shimfiɗar da hotonta ke kai a Photoshop, ki matso da gefen ciki da fiksel 1 zuwa 2 don farin layin tsohon bango ya tafi, ki tausasa shi da kamar fiksel 1. Inuwa biyu ake yi a sabuwar leya, a kan Multiply, tsarin da ke sa leya ta duhunta abin da ke ƙarƙashinta: siririya mai duhu daidai inda ƙafa ko bakin zane ya taɓa ƙasa, da doguwa mai laushi, ƙarfinta kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, tana dusashewa in ta yi nisa. Rashin ta farkon shi ke sa mutum ya yi kamar yana shawagi.

Kuma hoton waya sumul yake, tsohon hoto kuwa yana da tsaki-tsaki. Ki rage wa baya kaifi kaɗan, ki daidaita baƙin hotunan biyu da Curves, abin daidaita haske da duhu, sannan ki zuba tsaki iri ɗaya a kan aikin duka, kashi 2 zuwa 3.

Mai ɗab'i:
A3 a ɗigo 300 cikin inci yana son fiksel 3508 da 4961. In hoton kakar ƙaramin kati ne, a yi masa sikan a ɗigo 600 ko 1200 cikin inci. Kada ki turo wa mai bugu ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi, ki tura a matsayin fayil. Shuɗi mai zurfi yakan karkata zuwa shunayya a bugu, sai a fara gwada ɗan yanki kafin a ɓata babbar takarda.

Malamar zane:
Ɗiyata, ni ban ga laifin kalanda ba. Abin da ido ya saba gani tun yarinta hannu yakan maimaita shi ba da shawarar mai shi ba. Oscar Rejlander, da ya haɗa hoto ɗaya daga hotuna sama da 30 a Ingila a 1857, tsarin zanen Raphael, tsohon mai zane na Italiya, ake gani a aikin nasa. Abin da ke sa naki ya yi kama da kalanda sananne ne: mutum a tsakiya, yana fuskantar mai kallo, ya fi abin da ke bayansa girma, haske ya kewaye kansa, launi ya yi kauri. Da haka kalanda ke girmama malami. In girmama kakarki kike nufi, to hannunki ya riga ki sanin abin da kike so, ki bar shi, har ma gefen yankan ba dole ne ya ɓuya ba. In kuwa so kike a ce tana tsaye a wurin da gaske, ki matsar da ita gefe, ki bi shawarar malaman nan.

Ki riƙa kashe leya ɗaya-ɗaya, wadda aka kashe ba a rasa komai ba, ado ce kawai. Ina tambaya kuma: me ya haɗa ta da karofi? In zanen mai shunin ma ba nata ba ne, ki nemi nata a wajen gwaggonninki ki yi masa sikan, ki kuma nemi yardarsu kafin ki ɗora hoton a intanet.