An goge bidiyon kyamarar ɗan sanda, ina mafita?

Masana shari'a, a taimaka da shawara. Koke ne kan dukan da ɗan sanda ya yi yayin kamu, kuma an bi tsari: takarda mai ɗauke da rana, lokaci da lambar jami'in, kwafi mai hatimin karɓa, rahoton likita cikin awa 24, shaidu biyu. Da aka nemi bidiyon kyamarar ƙirjinsa sai aka ce wa'adin ajiya ya wuce, an goge. Kuskuren, a ganina, rashin neman a adana shi a rubuce tun ranar farko ne. Ga binciken kuma a hannun ofishin 'yan sandan, an ba kura ajiyar nama. Shin za a iya tilasta fito da rajistar na'urar, mai nuna wanda ya goge da yaushe? Ta kotu, ko ta hukumar sa ido kan 'yan sanda?