Tiyon famfon wanke-wanke yana yoyo, ruwan fesawa kuma ya ragu

Tambaya: Assalamu alaikum. Tiyon famfonmu na ɗakin girki, irin wanda ake janyowa a fesa wa kwanuka ruwa, yana ɗiga a ƙasan wurin wanke-wanke har katakon ya fara kumbura, kuma ƙarfin ruwan ya ragu sosai. Shin gyara zai yi, ko sai an sayi sabo?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki fara rufe ruwan, sannan ki goge tiyon da busasshen tsumma, ki sake buɗe ruwan kaɗan domin ki ga inda jiƙar take fitowa. Idan daga mahaɗa ne, galibi ƙaramar robar da ke ciki ce ta lalace, kuma sauya ta ba ya da tsada. Sai dai a ɗaure a hankali, domin matsewa da ƙarfi yana tsaga robar. Idan jikin tiyon ne ya fashe, liƙi ba ya daɗewa, gara a sauya shi.

Amsa: Game da raguwar ƙarfi, ruwan rijiyar burtsatse yakan bar farin gishiri da yashi a ƙananan hudojin kan famfon. A kwance shi a jiƙa cikin ruwan khal na wasu awanni, a goge da tsohon buroshi.

Amsa: Kada ki jefar da tsohon tiyon, Hajiya. Idan aka yanke wurin da ya fashe, yana da amfani wajen cika bokiti ko ba shuka ruwa.