Neman kalma: ƙarfen da ke ɗora dammunan ciyawa a tirela

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Jama'a, a taimaka, lokaci ya ƙure mini. Ina fassara bidiyon koyar da direbobin injinan gona, gobe da ƙarfe 10 na safe za a naɗi murya, ga kalma ɗaya ta gagare ni, wadda Turawa ke ce wa grapple. Wani faffaɗan ƙarfe ne mai jerin ƙugiyoyi a ƙarƙashinsa, ana maƙala shi a hannun gaban tarakta ko a ƙaramar motar lodi irin ta Bobcat. Direba zai kifa shi a kan dammunan busasshiyar ciyawa da inji ya matse ya jera, ya taɓa liba, man haidirolik ya tura ƙugiyoyin su nutse, sai ya ɗaga 8 ko 10 a tashi ɗaya ya ɗora a tirela. Kalmar ta cika bidiyon. In na ce "ƙarfen da ke ɗaukar dami" kowane lokaci, numfashin mai karatu zai ƙare kafin hoton ya wuce.

Ɗan Gareji: Wa alaikumus salam. Ƙugiya mana, Malama. Me ya yi zafi?

Mai Fassara: Na riga na kashe ta a kan haƙoran. Akwai inda aka ce a duba kowace ƙugiya ta abin kafin a fara aiki. Ƙugiyar ƙugiya zan ce?

Uwar Nahawu: Madamƙi. Daga damƙa, a kan tsarin mabuɗi da magogi da masassabi. Jam'i madamƙai. Sai dai ki ja kunnen mai karatu ya faɗe shi da karin sama duka, kamar mabuɗi. In ya karya tsakiya kamar maɗinki, ya koma mutum mai damƙa.

Bakatsine Ba: Ko masungumi, tunda sunguma yake yi.

Uwar Nahawu: Manomi zai ji sungumi ya ɗauka shuka za a yi. A bar shi.

Malam Tsoho: Haba 'ya'yana. Duk abin da ya zo sai a liƙa masa "ma" a gaba, a rataya masa "i" a baya, a ce an yi Hausa? Magabata ba haka suka raɗa suna ba, kallon abu suke yi su ga da me ya yi kama. Ku dubi abin nan da kyau: daga sama yake saukowa, ya buɗe, ya soke, ya tashi da kaya. Wane ne ke wannan aiki in ba shaho ba? Sunansa akaifa. Gajere, da daɗin faɗi, kuma duk wanda ya taɓa ganin an sure ɗan tsako ba sai an yi masa bayani ba.

Ɗan Gareji: Allah gafarta Malam, hoton ya yi kyau, amma bari wanda hannunsa ya sha baƙin mai ya ce wani abu. Ƙarafan ɗaukar dami iri uku ne, kuma duk sunan da zai cakuɗa su ɓarna zai jawo. Akwai mai tsini, wanda ake soka wa babban naɗaɗɗen dami a tsakiya, irin wanda nauyinsa ke kai kilo 400 ko 500, wani ma ya fi. Wannan mashi ne, ba gardama. Akwai mai hannu biyu marasa kaifi da ke rungumar dami ta gefe, an yi shi ne saboda damin da aka naɗe da leda don ciyawar ta tsimu. In ka huda ledar iska ta shiga, funfuna ta kama, ka yi asara. Na uku shi ne na Malama, na ƙananan dammuna masu kusurwa huɗu, kowane kamar kilo 20 zuwa 25. To in aka ce madamƙi, na biyun ma ai damƙa yake yi.

Uwar Nahawu: Na biyun mamatsi ne ko marungumi. Ka ga tsarin da Malam ya raina ya haifi 'yan'uwa. Akaifa wa za ta haifa?

Malam Tsoho: Ba ta da bukatar haihuwa, Hajiya, ita kanta ta isa. Kuma damƙa ai har amana ana damƙawa. Ko tarakta za ta riƙe amana?

Mai Fassara: Baba, matsalata da akaifa ɗaya ce. Rabin bidiyon gargaɗi ne: a sauke ƙarfen a hankali, a tabbata duk ƙugiyoyin sun kama, a yi tafiya da kaya kusa da ƙasa domin in an ɗaga sama motar na iya kifewa a kwana ko a gangare, a sa nauyi a bayan tarakta, kada kowa ya tsaya a ƙarƙashin kaya, sai an zo daf da tirela a ɗaga. Shaho kuwa fizga yake yi ya tashi sama. Ina tsoron in ba direba sunan da ke koya masa akasin darasin.

Sabon Shiga: Ni fa ban ga abin wahala ba. A ce girafil kawai. Shi direbobin za su faɗa ko kun so ko kun ƙi.

Malam Tsoho: Innalillahi. Ga irinta nan. Kayan aro ba ya rufe katara, yaro. Harshe mai miliyoyin masu magana a ce ya rasa sunan ƙarfe mai ƙugiya? Da haka ake wayar gari a ga yara ba su san ingirici ba sai an ce musu busasshiyar ciyawa, kamar yadda ita kanta Malama ta rubuta a sama, na dai yi shiru ne.

Sabon Shiga: Ranka ya daɗe, tarakta da tirela da muke ta faɗa tun ɗazu ba ka tanka ba. Alƙalamin da kake gyara mu da shi ma na Larabawa ne.

Malam Tsoho: Wanda ya daɗe a gida ɗan gida ne. Ka buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ka ga dukiyar da kuka bari tana ƙura.

Sabon Shiga: Shi ma wanda ya tattara muku dukiyar Bature ne.

Uwar Nahawu: Ku bari don Allah. Baiwar Allah tana da aiki gobe, ku kuna rabon gado.

Bakatsine Ba: Tunda an taɓo, dami ɗin ma ina da ja. Dami da hannu ake ɗaurewa. Abin da inji ya matse ya fi kama da dila, kamar dilar yadi.

Ɗan Gareji: A rubuce sai a karanta dila na dawa. Dami ya yi, kowa zai gane, hoton na gabansa.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Ga inda na tsaya. A farkon bidiyo zan ce "madamƙin dami mai ƙugiyoyi", daga nan madamƙi kawai. Mashi na nan a mashi, mai hannu biyu mamatsi. Na gwada a jimlar da ta fi tsawo: "Fara lodi daga gaban tirela, ka daidaita nauyi dama da hagu, kowane sahu ya gitta na ƙasansa kamar ginin bulo, kada ka saki madamƙi sai dammunan sun zauna, sannan a ɗaure da igiya." Ta shiga lokacinta har da saura. Ingirici ma na karɓa, Baba, zan sa shi a taken bidiyon.

Malam Tsoho: To. Ban yarda ba, amma ba ni zan tsaya gaban makirufo gobe ba. Aƙalla inda aka nuna ƙugiyoyin suna nutsewa, ki ce kamar akaifun shaho.

Mai Fassara: Sau ɗaya, Baba, kuma kafin a zo wurin gargaɗin.

Sabon Shiga: A dawo nan bayan shekara a tambayi direbobi.

Ɗan Gareji: Malama, ki duba gaba kaɗan. In bidiyon ya nuna injin da ke bin bayan injin ɗaure dami yana jera su goma-goma kafin madamƙi ya zo, shi ma ba shi da suna.

Mai Fassara: Ya nuna. Minti na 7. Ba zan tambaya ba sai Baba ya yi barci.