Son maso wani a tsofaffin hikayoyi: wane littafi mai zane zan nema?

Ɗalibar Zane: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman littafi mai zane-zane a kan tsofaffin hikayoyin son maso wani, inda mutum ya so aka ƙi shi har abin ya kai shi kushewa. Na fi son zanen da aka yi a zamanin da ake rubuta littafi da hannu.

Mai Tsofaffin Littattafai: Wa alaikumus salam. Ki fara da Laila da Majnun na Nizami, wanda ya tsara da harshen Farisa a 1188.

Gwaggon Yara: Allah ya gafarta Malam, wannan ai ba son maso wani ba ne. Laila tana son Ƙaisu, wato Majnun, kamar yadda yake son ta, mahaifinta ne ya hana shi ita, ya aurar da ita ga wani.

Tsohon Ɗalibi: Ƙanwata, bari in ja miki kunne da abin da ya same ni. Lokacin da nake karatu an ba ni aiki a kan Elaine ta Astolat, budurwar nan ta hikayoyin Sarki Arthur na Ingila wadda ta so jarumi Lancelot, alhali shi zuciyarsa tana wajen matar sarki. Ya karɓi jan hannun rigarta ya ɗaura a wajen gasar mahaya don kada a gane shi, ita kuwa ta ɗauka alkawari ne. Ta yi jinyarsa da ya samu rauni, ta nemi ya aure ta ya ƙi, ta daina ci da sha har ta mutu, aka ɗora gawarta a kwalekwale da wasiƙa a hannunta, ruwa ya kai ta fadar sarki. Haka Malory ya kawo shi a littafin da Caxton ya buga a 1485. Ni kuwa na ɗauko sanannen zanen nan na mace zaune a kwalekwale da kyandir uku a gabanta, biyu sun mutu, na gabatar da shi gaban aji a matsayin aikin mutanen wancan zamani. Malamin bai bari na kai ƙarshe ba. Ashe Waterhouse ne ya zana shi a 1888, kuma waƙar Tennyson ya bi, inda matar take shiga kwalekwalen tana da rai saboda wata la'ana da ta hau kanta. Har yau idan na tuna dariyar da aka yi mini sai in ji kunya. Saboda haka duk hoton da kika gani a intanet, ki nemi shekararsa kafin ki yarda da shi.

Mai Tsofaffin Littattafai: Gwaggo, na karɓi gyara, amma Nizamin bai fita daga magana ba. A Husrau da Shirin akwai Farhadu masassaƙin dutse, wanda ya so Shirin, Sarki Husrau, wanda shi ma yake son ta, ya sa shi fasa dutsen Bisutun, sannan ya aika masa da labarin ƙarya cewa ta rasu, nan take ya mutu.

Gwaggon Yara: Yanzu ka zo, Malam. Sai dai wannan kisa ne da baki, ba baƙin ciki kaɗai ba.

Bakatsine: Ni dai ban ga laifin Lancelot ba, tunda bai taɓa ce mata yana son ta ba.

Gwaggon Yara: To me ya kai shi karɓar hannun rigar 'yar mutane?

Tsohon Ɗalibi: Idan zanen da ya tsufa ake so, akwai kwafin Hamsa ta Nizami, wato tarin dogayen waƙoƙinsa biyar, da aka yi a birnin Hirat wajen 1494, wanda ake jingina wasu zanensa ga shahararren mai zane Bihzad, yana ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya a Landan.

Ɗalibar Zane: Na gode Yaya. Shin a cikinsa akwai Majnun zaune cikin namun daji, ko sai na nemi wani kwafin?